Darasin Lafiya: Zanen Da Ke Jikin Kwalin Magani

Karatu: Ezra 8:24-34

Domin Zumuntar Mata, matasa da kwamitin lafiya na ikilisiya. Wanda zai bi da darasin ya zo da kwalayen magani uku ko huɗu domin a zaga da su, kowa ya gani da idonsa.

Darasinmu na wannan fitowa a kan abin da yawancinmu muke yarwa a bola ne, wato kwalin magani, da rubutu da zanen da ke jikinsa.

Mu fara da karatunmu. Lokacin da Ezra zai tashi da jama'a daga bakin kogin Ahawa zuwa Urushalima, yana ɗauke da azurfa da zinariya da tasoshin da aka bayar domin Haikali. Tafiya ce ta kusan wata huɗu, ga 'yan fashi a hanya. Ezra ya yi azumi, ya yi addu'a, amma bai tsaya nan ba. Ya keɓe shugabannin firistoci goma sha biyu, ya auna kayan a gabansu, sa'an nan ya danƙa musu. Da suka isa, suka huta kwana uku. A rana ta huɗu aka sake auna kome a Haikali, aka ƙidaya, aka rubuta nauyin. Mu lura da kyau: waɗannan firistoci ne, mutanen Allah, ba wanda ya ce su ɓarayi ne. Duk da haka sai da aka auna lokacin tashi, aka auna lokacin sauka, aka kuma rubuta. Awon ya tsare kayan, ya kuma tsare sunan waɗanda suka ɗauko su.

Magani ma matafiyi ne. Ƙwayar zazzaɓin da ke hannunki, uwargida, wataƙila a Indiya aka yi ta. Ta shiga jirgin ruwa, ta sauka a Apapa, ta kwana a sito, ta bi ta hannun babban dila ko ta kasuwa irin ta Idumota a Legas ko ta Anacha, ta hau mota, ta shiga kemis na gari, kafin ta iso ƙauye. A kowane zango ana iya musanya ta da jabu, ko a bar ta cikin rana har ta lalace, ko a kankare ranar ƙarewarta a buga wata. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kusan 1 cikin kowane magani 10 ko dai jabu ne ko kuwa bai cika inganci ba. Tambayar ita ce, wa yake aunawa a kowane zango kamar yadda Ezra ya yi?

Mene ne wannan zane?

Ku juya kwalin da ke hannunku. Za ku ga layuka baƙaƙe, wasu masu kauri wasu sirara, da lambobi a ƙarƙashinsu. Ana kiransa bakod. Ba ado ba ne, ba kuma wani asiri ba ne. Lambobin nan da kuke gani a ƙasa su ne aka mayar layuka domin na'ura ta karanta su cikin ƙiftawar ido. An fara amfani da shi a kanti ne ranar 26 ga Yuni 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, kuma abin da aka fara sayarwa da shi cingam ne.

Amfaninsa yana cikin yarjejeniya. Da a ce kowane kamfani zai ƙirƙiro nasa tsarin lamba, da abin ya zama kamar kasuwar da kowace mai awo take da nata mudu. Shi ya sa akwai ƙungiya guda mai suna GS1, mai hedkwata a Burasel ta ƙasar Beljiyam, wadda take raba lambobin ta hanyar rassanta na ƙasashe, domin kada kaya iri biyu su taɓa haɗa lamba ɗaya a ko'ina a duniya. Wanda muka fi gani yana da lambobi 13. Idan ya fara da 615, kamfanin a Nijeriya ya karɓi lambarsa, 603 Gana ce, 890 Indiya. Wannan wurin rajistar kamfanin yake nunawa, ba lallai wurin da aka yi kayan ba, kada a ruɗe. Lamba ta ƙarshe kuwa ta bincike ce: daga sauran goma sha biyun ake lissafa ta, saboda haka idan na'ura ta karanta ba daidai ba, lissafin ba zai fita ba, sai ta ƙi karɓa.

To amma zane mai layuka suna kaɗai yake faɗa. Zai ce wannan farasitamol ne na kamfani kaza, shi ke nan. Domin magani an fito da wani sabo, ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, cike da ɗigo-ɗigo kamar saƙar tabarma. Sunansa DataMatrix. Shi yana ɗauke da abu huɗu: lambar irin maganin, lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki, ranar ƙarewarsa, da wata lamba ta wannan kwali shi kaɗai, wadda ko kwalin da ke kusa da shi a katan ɗaya ba shi da irinta. Idan aka haska shi a masana'anta, a tashar jirgi, a sito da kuma asibiti, kowane haskawa yana shiga kwamfuta. Kwali biyu suka bayyana da lamba ɗaya, an san ɗaya na ƙarya ne. Kwalin da aka aika asibitin gwamnati kyauta ya ɓullo a shagon wani, an san inda ya ɓalle.

Lambar rukuni: a nan rai yake

A cikin abu huɗun nan, wanda muke so kowa ya riƙe shi ne lambar rukuni. A jikin kwali za ku ga an rubuta Batch No, ko B.N., ko Lot, sai lambobi. Ku ɗauke shi kamar tukunyar kunu a gidan biki. Idan an dama tukunya biyar, ɗaya ta lalace, abin da ake so a sani da sauri shi ne wa da wa suka sha daga wannan tukunyar. Haka masana'anta take haɗa magani, tukunya-tukunya, kowace da lambarta.

A ƙarshen shekarar 2008 yara suka fara mutuwa a asibitocin Legas da Zariya da wasu garuruwa. Zazzaɓi, amai, sai fitsari ya tsaya, ƙoda ta mutu. Aka gano cewa an ba su wani maganin ruwa na fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya shiga, irin wanda ake sawa a man birkin mota. Zuwa watan Fabrairu 2009 gwamnati ta ce yara 84 sun rasu. Ba wannan ne karo na farko ba. A 1990 irin wannan gubar a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara 47 a asibitin koyarwa na Jos kaɗai. A 2022 kuma ta kashe yara kusan 70 a ƙasar Gambiya ta hanyar maganin tari.

Abin da ya fi ciwo a irin wannan masifa shi ne, bayan an gano gubar an yi shela a rediyo, kwalaben suna nan a shaguna da ɗakunan mutane, ba wanda ya san iyakar inda suka kai. Uwa tana ci gaba da ba ɗanta cokali safe da yamma, tana ganin taimakonsa take yi. Da kowane dila da kowane ɗakin shan magani sun rubuta lambar rukunin da suka karɓa da wanda suka ba, da an bi sawu gida-gida cikin 'yan kwanaki.

A manyan asibitocin Turai da Amurka sun kai abin har bakin gado. Ana ɗaura wa majiyyaci ɗan awarwaro mai bakod. Kafin nas ta ba da magani sai ta haska awarwaron, ta haska maganin. Idan ba nasa ba ne, ko awon ya wuce, na'ura ta yi ƙara. Wani bincike da aka buga a 2010 daga wani babban asibiti a birnin Boston ya nuna kurakuran ba da magani sun ragu da kashi 41 cikin 100 bayan an fara haka.

A nan gida, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta rungumi tsarin GS1. A watan Satumba 2019 aka yi taro a Legas inda hukumomin magani na ƙasashen Afirka 25 suka sa hannu cewa za su bi tsari ɗaya na bin sawun magani. Da allurar rigakafin korona ta iso a watan Maris 2021, da wannan zanen NAFDAC ta bi sawunta.

Kada mu ɗora wa zane abin da ba zai iya ba

Wasu suna ganin bakod a kwali sai su ce ai wannan mai kyau ne. A'a. Mai yin jabu yana da injin buga takarda, zai kwafi zane, zai kwafi lambar NAFDAC ma. Zane ba ya aiki sai an haska shi an gwada da abin da ke rajista. Kuma ko da ya fita daidai, ba zai gaya mana cewa katan ɗin ya yini a saman mota cikin zafin watan Afrilu ba. Ba zai gaya mana ko ciwon da ke jikinmu na wannan maganin ne ba. Wannan aikin malamin asibiti ne.

Abin da ke hannunmu yanzu

Yawancin ɗakunan shan maganinmu ba su da na'ura, wasu ko wuta babu. Amma duk abin da ke cikin zanen an rubuta shi a gefe da haruffan da ido ke gani. Biro da littafi sun isa a fara.

Matsala ta farko a ƙauyukanmu ita ce al'adar sayen haɗi. Mutum ya je kemis ya ce a haɗa masa na jiki da na zazzaɓi na naira kaza, a ɓallo ja da fari da kafso a ƙulle masa a leda. Wannan magani ba shi da suna, ba rukuni, ba ranar ƙarewa. Idan ya cuce ka, ko likita ba zai san abin da ka sha ba. Haka na masu talla a cikin mota da na faranti a ranar kasuwa, wanda rana ta gasa tun safe. Mun san dalili, kuɗi ne. Kwali cikakke ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa. To ko da kati ɗaya za ka saya, ka karɓe shi a cikin katinsa, domin a gefen katin ma ana buga rukuni da ranar ƙarewa. Ka duba inda aka rubuta EXP. Idan ka ga 03/2027, wato watan Maris na 2027 ke nan. Idan wurin ya nuna alamar kankara, ko an manna wata takarda a kai, ka mayar.

A kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta akwai wani wuri mai ruwan azurfa irin na katin waya. Tun 2010 NAFDAC ta fara wannan tsari. Ka kankare, ka aika lambar ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka buga a kwalin, amsa za ta zo ko na gaskiya ne ko a'a. A gaban mai kemis ya kamata a yi, kafin a bar shagon. Mai sayar da na gaskiya ba zai ji haushi ba. A nan matasanmu za su taimaki iyaye da kakanni waɗanda ba sa karatu. Kuma a ajiye kwali har sati biyu bayan an gama sha, musamman na yara.

Ga kwamitin lafiya da masu kula da ɗakin shan magani na ikilisiya, roƙonmu ya fi nauyi. A zagayen da muke yi mun tarar da littattafan sito da yawa an rubuta sunan magani da yawansa da kuɗinsa tsaf, amma ba gurbin rukuni. Ku ja layi ku ƙara gurbi uku: lambar rukuni, ranar ƙarewa, da wurin da aka sayo. Mutum biyu su ƙidaya kaya ranar da suka iso, dukansu su sa hannu. Idan dattijon da ya daɗe yana riƙe da makulli ya ga kamar ana zarginsa ne, a karanta masa Ezra 8. A jera kaya yadda wanda zai riga ƙarewa shi ne a gaba, ko da shi ne ya zo daga baya. A saya daga wurin da ke ba da rasit mai ɗauke da lambar rukuni, irin su sashen magani na Ƙungiyar Lafiya ta Kirista ta Nijeriya, CHAN, da ke Jos, ko wani dila mai lasisi. Arha a kasuwa ba ta kai ran yaro ɗaya ba.

Sai batun kyauta, wanda ya shafe mu ma'aikatan agaji kai tsaye. Yana da wuya a ce wa mai alheri a'a. Amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, maganin kyauta ya iso da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya ƙare. A watan Disamba 2021 Nijeriya ta lalata allurar korona fiye da miliyan 1 a Abuja, domin an kawo su ne gab da ƙarewa. Idan baƙi ko 'yan siyasa suka kawo wa ikilisiya katan na magani, a yi godiya, sa'an nan a buɗe a duba. Wanda ba shi da rukuni, ko an rubuta shi da harshen da ba mai iya karantawa a cikinmu, ko ya kusa ƙarewa, kada a raba shi a bakin majami'a bayan sujada. A kai wa ma'aikacin lafiya ya duba tukuna.

Domin tattaunawa: Me ya sa Ezra ya auna kayan ga firistoci, alhali ya riga ya yi addu'a? Idan aka yi shela yau a rediyo cewa rukuni kaza na maganin tari yana da guba, ta yaya ikilisiyarmu za ta san gidajen da yake ciki?

Aikin gida: a taro na gaba kowane gida ya kawo duk maganin da ke ɗakinsa, har da na ƙarƙashin katifa da na cikin kwalla. Matasa biyu za su zauna da littafi su karanta wa kowa ranar ƙarewa. Wanda ya ƙare da wanda ba shi da suna a tara wa malamin asibiti, kada a zuba a bola inda yara suke wasa.