Darasi: Abubuwa 5 da Za Ka Duba Kafin a Sa Hannu a Karɓi Sabuwar Motar Lantarki

 Na san wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin data, ina ruwanmu da motar alfarma? Ga ruwanmu: a kowane gida, mai iya waya shi ne injiniya. Ranar da babanka ko kawunka ya sayi irin wannan mota, kai za a kira. Haka aka yi da ni.

Kawuna ya sayi sabuwar motar lantarki daga wani dillali. Motar da ta ɗauko ta ta tsaya a Ƙofar Doka, domin ba za ta iya shiga lungunan cikin birnin Zariya ba. Nan aka sauke ta, yara suka yi cincirindo, direba ya miƙo takarda ya ce, "Alhaji, a sa hannu, tafiya ce a gabana." Kawu ya duba fenti da kujeru, ya sa hannu. Da daddare ya aiko a kira ni: "Zo ka duba mana, ta ƙi shan caji." Kwana 9 motar ta yi a ajiye kafin mu shawo kanta. Darasin yau shi ne abin da ya kamata mu duba tun kafin biro ya taɓa takarda.

1. Bakin caji

Ka tuna lokacin da cajar iPhone ba ta shiga wayar Android? Motocin lantarki suna nan a wannan zamani. Motar da aka ƙera wa kasuwar Turai tana da baki mai suna Type 2, sai CCS2 na caji mai sauri. Ta Amurka tana zuwa da Type 1 da CCS1, ko kuma bakin Tesla da ake kira NACS. Ta kasuwar Sin kuwa GB/T take da shi. Mu a Najeriya daga duk wuraren nan ake shigo mana da motoci, shi ya sa ake samun ruɗani.

Motar Kawu GB/T ce, cajar bango da ya saya tun kafin isowarta kuma Type 2 ce. A ido sun yi kama, amma ba sa haɗuwa sai da mahaɗi na musamman. Don haka ka buɗe murfin caji, ka ɗauki hoton bakin da wayarka, ka gwada shi da cajar da za a yi amfani da ita a gida.

2. Lissafin wutar gidanku

Ana auna batirin mota da kWh, wato dai yunit ɗin da kake saya a mitar kati. Batirin waya mai mAh 5000 bai kai kashi 2 cikin 100 na yunit ɗaya ba. Mota mai yunit 77 daidai take da wayoyi kusan 4,000. Yanzu ga lissafin: raba girman batir da ƙarfin caja, sai ka sami sa'o'i.

Soket ɗin bango na gida, idan ba a so ya yi zafi ya narke, yana ba da kusan kilowat 2.3. Raba 77 da 2.3, ka sami sa'a 33 da ɗoriya. Cajar bango mai kilowat 7.4 tana cika ta cikin sa'a 10 zuwa 11, amma tana jan amfiya 32, don haka sai mai wayarin ya ja mata waya mai kauri tun daga mita.

Sai ka haɗa da yawan wutar da layinku yake samu. An kasa masu wuta rukuni biyar: Band A aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. Takardar kuɗin wuta ta Kaduna Electric ko rasit ɗin kati zai nuna maka naku. Idan kuna samun sa'a 8, soket zai ba ka yunit 18 a rana. Babbar mota tana cin kusan yunit 20 a kilomita 100, ke nan ka sami tafiyar kilomita 90. Wannan ya ishe ka zirga-zirga daga cikin birni zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru. Amma zuwa Kaduna da dawowa, kilomita kusan 160, yana son yunit 32, wato cajin kusan kwana biyu.

Batun kuɗi fa? A watan Afrilun 2024 an sa yunit na Band A a kan naira 225. Da wannan farashi, yunit 77 ya kama naira 17,325, sai ka ƙara kusan kashi 10 cikin 100 na wutar da ke ɓacewa wurin caji. Ka nemi farashin layinku na yau ka sake bugawa. Ƙaramin janareta kuwa, wanda bai kai kilowat ɗaya ba, kada ma a wahalar da shi, domin mafi ƙarancin abin da caja take ja ya kai kilowat 1.4. Faifan sola mai wat 550 yana ba da kusan yunit 2 da rabi a wuni, ke nan tafiyar Kaduna tana son faifai 13 su wuni suna aiki.

3. Wayar ƙasa da wurin kwanan mota

Ƙaramar cajar da ta zo cikin but ɗin motar Kawu, da muka jona ta, jar fitila kawai take ƙiftawa. Ashe gidan, kamar tsofaffin gidaje da yawa, wayoyi biyu kawai aka ja masa, babu wayar ƙasa, wato wadda ake haɗawa da sandar jan ƙarfe a binne. Caja da yawa ba sa sakin wuta idan ba su gan ta ba, kuma da gaskiyarsu: ita ce ke kare mutum idan wuta ta zubo a jikin mota. Kada ka yarda a yi dabarar ruɗin caja. A kira mai wayarin ya binne sanda.

Sannan a tambayi kai, ina motar za ta kwana? Gidan cikin birni da zaure ake shigarsa, ba da get ba. Jan doguwar waya ta cikin lungu inda yara da awaki ke bi, ga ruwan damina, hatsari ne babba. A auna faɗin lungu da faɗin mota. A kuma duba tsayinta daga ƙasa, saboda batirin a ƙarƙashinta yake shimfiɗe, kuma shi ne mafi tsada a jikinta. Bakin kwata ɗaya zai iya jawo asarar miliyoyi.

4. Manhaja da asusu

Nan ne fagenmu. Ka san yadda wayar hannu ta biyu take zama kwalba idan asusun Google na tsohon mai ita yana ciki? Haka motar zamani take. Da manhaja ake buɗe ƙofa, a kunna sanyi, a ga inda mota take. Duk wanda asusun yake hannunsa yana da rabin makulli.

A gaban wanda ya kawo motar, ka sauke manhajar, ka yi rajista da imel da lambar mai motar, ka tabbatar an cire duk wani asusu na baya. Tamu ta nemi lambar wayar ƙasar Sin kafin ta turo lambar sirri, har yau da makulli kawai Kawu yake buɗewa. Ka duba ko allon yana komawa Turanci, ko taswira ta san Najeriya, ko kuma motar tana sabunta manhajarta ta Wi-Fi.

5. Takardu da alkawari

Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17. Ka gwada wadda ke gindin gilashin gaba da wadda ke takardun kwastam, harafi bayan harafi. Kamfanoni da yawa suna ba batir garantin shekara 8, amma ka tambaya a rubuce: yana aiki a Najeriya? Wa zai gyara, kuma a wane gari? Kada nisan tafiyar da ke cikin talla ya ruɗe ka. Ma'aunin CLTC na Sin ya fi WLTP na Turai da EPA na Amurka sassauci, kuma zafin watan Afrilu da sanyi a kunne da gudun babbar hanya duk suna rage shi. Sannan idan ta mutu a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja, ɗaukarta ake yi.

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC aka buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, masu tambaya a kanta sai ƙaruwa suke yi. Sai dai wanda ke zaune a cikin birnin Zariya ya sani, gidansa shi ne gidan mansa.

Saboda haka ga ƙa'idar da na ba Kawu, ni ma na riƙe: a jona motar a wurin da za ta riƙa kwana, a zauna minti 30 a ga lambar batir ta hau, sannan a sa hannu. Direba zai yi ƙorafin sauri, a ba shi shayi ya jira.

Aikin gida: nemo rasit ɗin wutar gidanku, ka duba rukuninku da farashin yunit, ka lissafa kwana nawa za ku yi kafin ku cika batir mai yunit 60 da soket. A darasi na gaba za mu ga dalilin da ya sa ake son a tsayar da cajin wasu batura a kashi 80, na mota da na waya. Sai mun haɗu.