Ƙarfi Da Amana: Guzurin Mai Neman Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kowace shekara samari da 'yan mata na Ikara da Makarfi da Kudan suna komowa gida da takardun shaidar gama karatu, waɗansu daga Jami'ar Ahmadu Bello, waɗansu daga sauran manyan makarantun Zariya da Kaduna. Da zarar an gama hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, sai hankali ya koma kan neman aiki. Tsofaffin ɗalibaina da dama sukan tambaye ni ko ya halatta mutum ya gabatar da kansa yana neman aiki, alhali kuwa sun ji an hana neman mulki.

To, ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, hanin yana nan. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi a ba shi muƙami, sai Manzon Allah ya nuna masa yana da rauni, muƙami kuwa amana ne. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kafa hujja da iya tsarewa da kuma sani. Daga nan malamai suka fahimci cewa wanda ya tabbata zai iya, babu laifi ya faɗi abin da ya iya, muddin gaskiya ya faɗa. Har ila yau, a Suratul Ƙasasi, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffofi 2, watau ƙarfi da amana. Su ne ma'aunin mai neman aiki har gobe.

Ƙarfi a nan shi ne iya aikin, ba riƙe takarda kawai ba. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka. Ko mene ne ra'ayin mutum game da abin da ya biyo baya, darasin a fili ya ke: takarda tana iya buɗe maka ƙofa, amma ba ta iya tsaya maka gaban allo. Saboda haka kafin ka nema, karanta sanarwar da kyau, ka duba ko ka cika sharuɗɗanta. Rubuta takardar nemanka da kanka, a taƙaice, ka ambaci abin da ka karanta da abin da hannunka ya taɓa yi, ko da koyarwa ce a Islamiyyar unguwarku, ko rubuta lissafin buhunan wani manomi. Sa'an nan ka kai wa wanda ya fi ka sani ya gyara. Ranar ganawa ka isa kafin lokaci cikin tufafi masu tsabta, da takardunka na asali. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, domin malaman farko ba su ɗauki wannan kalma abin kunya ba.

Amana kuwa tun daga takardar neman ta ke farawa. Wanda ya yi rantsuwa a kotu ya rage shekarunsa, ko ya nemo takardar jabu, ya aza harsashin abincinsa a kan ƙarya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka wanda aka sayar wa filin gado ko amfanin gonar rake don a saya masa gurbin aiki. Manzon Allah ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, ga kuma tauye hakkin wanda ya fi cancanta. Sau da yawa ma kuɗin sukan faɗa hannun 'yan damfara, ba aiki ba gona. Amma babu laifi wani dattijo ko malaminka ya shaide ka bisa abin da ya sani na halinka, wannan ceto ne mai kyau.

In kuwa aikin ya yi jinkiri, kada ka zauna gindin bishiya kana zargin mutane. Hadisi ya nuna ɗaukar igiya a yo itace a sayar ya fi roƙo. Ga fadamun tumatir a Ikara, ga rake a Makarfi da Kudan. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi natsuwa da wanda ya tarar da abin yi a hannunsa.

Ka yi istihara, ka yi iyakar ƙoƙarinka, sa'an nan ka dogara ga Allah, domin rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Allah Ya azurta 'ya'yanmu da halal, Ya tsare su daga haram, amin.