Cin mutunci a waya: daga ina yake fitowa, da me ake tare shi?



A Gangara da ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, ba kowa ke karatun boko ba, amma saƙon murya na WhatsApp ya isa kusan ko'ina. Maganar da a dā take mutuwa a bakin rijiya, yau kafin la'asar ta kai Maraɗi, ta ƙetara Katsina.

Me ke sa mutum ya zagi wanda bai taɓa gani ba? Babban dalili shi ne raunin muraƙaba. Matashin da ba zai iya ɗaga ido gaban dattijo ba, in ya ɓuya bayan sunan ƙarya a Facebook sai kunya ta fita, domin dama kunyar mutane yake ji, ya manta Mai ganinsa. Sai hassada, sai son a sani: TikTok na ɗaga abin da aka fi kallo, zagi kuwa yana tara ƴan kallo. Mafi wuyar ganewa shi ne wanda nafsu ke yi wa rigar addini. Wani ya taɓa Shehu, muridi ya rama da zagin iyayensa, yana zaton hidima ce. Wannan fushin kai ne, kuma yana jawo wa Shehun ƙarin zagi.

Suratul Hujurati ta yi umarni da tantance labari kafin a ɗauka, ta hana izgili, mugun laƙabi da giba. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan illolin harshe. Yatsa mai tura saƙo yana cikin hukuncin, ko da ba shi ya ƙirƙiri maganar ba.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. A 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a Yunin 2024 aka maido da shi, shekara 1 zuwa 3 tare da tara.

Sai dai kotu na nesa, zawiya na kusa. Mai kula da zauren WhatsApp ya goge saƙon, ya kira mai shi a keɓe. In ya sake, a fitar da shi. Wanda aka zalunta kada ya rama: ya adana hoton saƙon, ya toshe lambar, ya kai wa muƙaddami ko mai gari. Wanda ya yi zagin a bainar jama'a kuwa, a zauren da ya yi shi zai nemi afuwa.