Cin Abinci Don Huce Haushi: Haɗama Ce Ko Ciwo?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A Sakaba da sauran garuruwan ƙasar Zuru, idan aka kama yarinya ta shige ɗaki ta cinye tuwon mutum uku a ɓoye, haɗama akan fara jingina mata. Amma ba kowane yawan ci ne haɗama ba.

Akwai wani ciwo wanda ɓacin rai ne ke kai mai shi ga akushi, ba yunwa ba. Da zarar an yi masa faɗa, ko baƙin ciki ya taso masa, sai ya auka wa abinci da gaggawa, ya kasa tsayawa. In ya gama sai kunya da nadama su lulluɓe shi, su sake tura shi ga ci. Waɗansu har sukan sa yatsa a maƙogwaro su yi amai. Wannan nau'i shi ne wani likita a Ingila, Gerald Russell, ya bayyana a 1979, ana kiransa bulimiya. Yawan aman yana cin haƙora, yana kuma iya rikita bugun zuciya.

Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Haka kuma ya zo a hadisi cewa mai fushi ya zauna in yana tsaye, ko ya yi alwala. Hikimar ita ce a sa tazara tsakanin motsin zuciya da aikin hannu. Likitoci ma haka suke koya wa masu wannan ciwo: su gane abin da ya ɓata musu rai, su jinkirta, su riƙa ci a kan lokaci.

Game da azumi, Risala ta bayyana cewa wanda ya jawo amai da gangan da rana sai ya rama. Wuni da yunwa kuwa yana iya tayar da ciwon bayan buɗa baki. Saboda haka mai shi ya tuntuɓi likita da malami tun kafin Ramalana.

Iyaye su sani gori ba ya magani, ƙara ɓoyo yake sawa. A saurari yaro, a kai shi asibiti. Akwai asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kware, Jihar Sakkwato. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.