Koyo Bisa Zaɓin Ɗalibi

Masana sun daɗe suna muhawara kan ko ya dace a tilasta wa yaro karatu. A shekarar 1921 A. S. Neill ya kafa makarantar Summerhill, wadda ke Ingila. A can shiga aji ba dole ba ne, kuma malamai da ɗalibai ke tsara dokoki a taro, kowa da ƙuri'a ɗaya. A Amurka kuwa, John Holt ya fara buga mujalla a 1977 domin haɗa kan iyaye masu karantar da 'ya'yansu a gida. Magoya baya na ganin son rai ke zaunar da ilimi. Masu suka na tsoron yaro ya girma bai iya lissafi ba.

Aiki: Tattauna matsayin malami a wannan tsari.