Kada a Yanke Masa Magani Farat Ɗaya

Tambaya: Ɗana na fama da ciwon da ke sa shi zumuɗi wani lokaci, wani lokaci baƙin ciki. Olanzapine ya sa shi ƙiba sosai. Mu daina ba shi? Daga wata uwa, Ƙofar Ran, Bauchi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ku yanke. Olanzapine na sa ƙiba, yakan ma tada sukari, amma barinsa farat ɗaya kan dawo da ciwon. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a auna sukarinsa. Likita na iya sauya masa zuwa aripiprazole, a riƙa rage tsohon a hankali cikin makonni. Sabon yakan hana mutum zama wuri ɗaya. In barcinsa ya fara raguwa, ku koma asibiti ranar.