Kafin Ka Sayi Na'urar Karanta Littattafai

Mai karatu, in aljihu bai yi nauyi ba, kada kwalliyar kwali ta ruɗe ka. Fara tambayar kanka: me zan riƙa karantawa?

In labarai ne da rubutun zube, ƙaramar Kindle ko Kobo mai allon inci 6 ta ishe ka. Allonsu na E Ink ne, ba ya gajiyar da ido irin na waya, caji ɗaya kuma yakan kai makonni, abin da ya dace da mu da wuta ke yi wa rowa. Amma in littattafan Larabci ne da aka ɗauki hotonsu a PDF, ƙaramin allo zai wahalar da kai, gara ka tara kuɗi ka sayi babba.

Kada ka biya kuɗin abin da ba ka buƙata. Ma'adanar 8GB tana ɗaukar dubban littattafai. Fitilar allo kuwa kada ka yarda a rasa ta, saboda karatun dare.

In ta hannu za ka saya, duba ko allon ya tsage, gwada batirin, ka tabbata mai ita ya cire asusunsa. Sannan buɗe littafin Hausa ka ga ko ƙ, ɗ da ɓ sun fito daidai. Araha ba ta ado, amma mai lura yakan dace.